Wadda Ba Ta Kara

A Dilimi, bayan layin masu gyaran waya,
Sabitu ya jera min monita uku a kan benci.
Ta farko ta fi su ƙyalli,
ja ya yi jawur, kore ya yi shar,
irin kyan da ke mantar da mutum tambayar kuɗi.

Na zaro katin aikin da na ɗauko a Shere:
Baba Pwajok, tsohon mahaƙin kuza,
yana labarin ramin da ya cinye ƙaninsa.
Sai ta goge masa tamoji,
ta mai da shi ango.
Na ce a'a, ba haka na baro shi ba.

Ta biyu na fita da ita tsakar rana.
Fuskata kawai na gani a ciki,
da mai lemo yana wucewa ta bayana.

Ta uku ba ta da fara'a.
Ga nauyi, ga cin batir,
amma ta nuna min abin da ban so gani ba:
kunnen tsohon ya fito ras,
idon kuwa, inda hawayen yake, dishi-dishi.
Hannuna ne ya goce.

Sabitu ya ce, wannan ba ta yi wa kowa kara.
Na ƙirga kuɗin sau biyu, har da na haya,
na naɗe ta cikin rigar sanyina.

Gobe da asuba zan koma Shere.
Ban san da wane baki
zan ce wa Baba ya maimaita ba.