Jan Biro a Maiwurno

Hedimasta ya ce, yana kaɗa shayi:
"Abin a jini yake, Malam Babikir.
Testostiron. Shi ke tsiro da gemu,
shi ke kawo dambe, shi ke kawo lissafi."

Ban tanka ba. Takardu arba'in da uku na jirana.

Muzammil ne a sama,
wanda muryarsa ta buɗe bara,
shekaranjiya ya fasa wa ɗan Sinnar leɓe a bakin famfo.
Sha ɗaya ya ci.

Iklas, tamanin da tara,
takardarta na warin albasar da take aunawa.
Har na miƙe in kai masa, gani ya kori ji,
sai na buɗe ta gaba:
Siddiga, bakwai.
Tijjani, da ko akuya ba ta tsoronsa, casa'in.

Na koma na zauna.
Nilu na wucewa bayan taga, ba ruwansa.

Ban san abin da ke cikin jini ba.
Na dai san wanda ya zo aji bai karya ba,
da wadda aka ce wa tun tana 'yar shida,
"Wannan ba naki ba ne."

Saura talatin da tara.