Sandar da Ke Ƙarƙashi

Garin nan, Milton Keynes, ba ya tafiya miƙe.
Taku kaɗan sai shatale-tale,
ka fita wannan, ka faɗa wancan,
kamar muciya a hannun wadda ba ta gajiya.
A na bakwai ne, ranar sunan ɗan Na'inna,
mota ta kwanta hagu kamar kwalekwale,
kular miyar taushe ta kife a but.
Wata biyu muna shaƙar daddawa.

Sai na jira Asabar.
Na ɗaga bayanta da jak, na tokare da ƙarfe biyu,
na shimfiɗa kwali a kan siminti mai sanyi.
Rumasa'u, 'yar shekara tara, ita ce mai tocila,
tana haska mini kunne maimakon noti.

Ga ta nan, tsohuwar sitabilaiza,
kaurinta bai fi babban yatsana ba.
Gishirin da suke watsa wa titi da hunturu
ya lashe ta har ta yi ja.
Bushin ya tsage kamar faso,
linkejin dama kuwa, ka taɓa shi ya yi ƙwal-ƙwal,
haƙori ne da ya gama zamansa a baki.

Noti uku sun ji magana.
Na huɗu ya ce sam.
Na fesa masa mai, na ba shi tsawon kofin shayi,
na dawo na lallashe shi, na zage shi a zuci,
sifana ta zame, ta ɗebe mini fatar yatsa.
"Baba, jini."
"Haska nan."
Dattijo Gethin ya leƙo ta kan shinge,
bai ce uffan ba, ya miƙo zarton ƙarfe.
Abin da lallashi ya kasa kwancewa, zarto ya raba.

Sabuwar ta zo a dogon kwali,
milimita ashirin da biyu, nauyi kamar taɓarya.
Kafin ta wuce saman salansa
sai da na karkata ta, na ja baya, na sake murɗawa,
irin shigar da gado ta ƙaramar ƙofa.
Na shafe bushin da giris har ya yi santsi.
Huda biyu ne a bakinta, mai tauri da mai sauƙi.
Na daɗe ina kallon mai taurin.
Na zaɓi mai sauƙi. Ina da iyali.

Nan muryar Oga Barau ta taso daga Panteka,
shekara ashirin da rasuwarsa:
"Kar ka ɗaure ta tana rataye, yaro.
Sauke ta, ta ɗauki nauyinta,
sannan ka ɗaure."
Na sauke ta a kan tubali.
Na ja sifanar awo har ta ce ƙas. Ɗaya gefen ma, ƙas.

Bayan la'asar muka fita gwaji,
Rumasa'u a baya da kwanon ruwa a cinya.
Na farko, na biyu, na bakwai ɗin nan mai laifi:
ruwan ya leƙa baki, ya yi shawara, ya koma.
Ta yi ihu kamar mun ci kofi.

Amma a hanyar gida tayar hagu ta faɗa rami,
sai na ji ta dama ta amsa,
har cikin ƙashin bayana.
Wannan ba su rubuta shi a jikin kwali ba:
in ka ɗaure biyu da sanda guda
don kada ɗaya ta kwanta,
to dukan da ɗaya ta sha, ɗayar ma ta sha.

Na tsaya a ƙofar gida, inji na huci.
Da hannun da giris bai bari ba
na lalubo lambar ƙanena a Funtuwa,
wadda na bari tana ƙara tun Laraba.