Koren Zare a Kunnen Baba Tanimu

Biyu saura na dare renda ta cika ɗari.
Janaretan Bitrus na ƙasan bene ya yi tari, ya daure.
Ban miƙe ba tukuna. Wanda ya tuƙa tuwo
shi ke fara sa yatsa ya ji ko da gudaji.

Tallar daƙiƙa arba'in ce,
ta Baba Tanimu mai walda a Panteka.
Ranar Laraba na tsayar da shi gaban koren ƙyalle,
na ce zan zuba masa tartsatsi a baya,
irin wanda bai taɓa huda rigar kowa ba.

Ga ni ina bin sa firam bayan firam,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafar gida.
A daƙiƙa ta tara hayaƙina ya ratsa tafin hannunsa
ya fita ta baya, ko sallama babu.
A ta sha huɗu wutar ta farfashe gida-gida
kamar zanen tabarma.
Bakinsa ya gama cewa "ƙofa da taga",
muryar na can Kawo tana jiran mota.

Sai kunnen.
Wani siririn koren zare ya bi gefensa,
ya sauka har furfurar gemu.
Ba mai gani, in ji Asabe da ke barci kan kujera
da ido ɗaya.
Ni na gani.

Da ma ya ce mini, "Yaro, a yi ta shiga waya."
Ni kuwa na fitar da ita a kwance, faɗin talabijin.
Na tura wa tsohuwar wayata don gwaji,
ta yi shiru, ta yi tunani,
ta ce ba ta san wannan fayil ba.
Na sauya masa riga, na tsayar da shi tsaye,
sai ta buɗe, ta sare wa Baba hula
da rabin lambar wayarsa.

Ina laluben tarkacen da na zubar
na ci karo da daƙiƙa shida da ban san na ɗauka ba:
shi a durƙushe a rumfarsa, baƙin tabarau ɗaure da roba,
wutar gaske na tashi daga ƙarfe,
guda ta faɗa kan silifas ɗinsa, ya yarfe ƙafa,
bai ko ɗago ba.

Na daɗe ina kallo.

Na goge hayaƙina. Na goge tartsatsin
da na kwana biyu ina ƙerawa.
Na kankare kunnen har ya koma kunne.
Na sake danna renda,
ta ce minti talatin da bakwai.

Ladanin Unguwar Sanusi ya fara gyaran murya.
Man Bitrus, in na auna da kunne,
ba zai wuce minti talatin ba.