Bayan Buhunan Wake

Daren Laraba mussarmu ta haihu
a sito, bayan buhunan wake,
lungun da babba ba ya shiga sai yaro.
Ige ta zura kai, ta ƙirga da yatsa:
"Biyar ne, Baba, ɗaya mai farar ƙafa,
idanunsu a ɗinke kamar bakin buhu."

Ranar Jumma'a biyu suka yi sanyi.
Babu jini, babu shaidar haƙori,
ciki cike da nono,
sai ka ce barci ne ya zarce da su.
Asabar da asuba na uku ya bi.
Uwar ta yi ta lasa, tana tura shi da hanci,
ta dube ni, ta koma lasa.

Gummi ba ta rasa masana ba.
Tumba mai ƙosai ta ce muzuru ne,
ai ubansu kan shaƙe su cikin dare.
Nomau ya ce haihuwar fari ce, ta danne su.
Wata tsohuwa ta tofar da goro ta ce,
"Wa ya aiki yarinya ƙirgawa?
Abin da aka nuna da yatsa ba ya kwana."

Daga ranar Ige ta naɗe hannunta cikin zane,
ko tuwo da cokali take ci.
Ni kuwa na tare muzurun a kan katanga,
na auna shi da hoge,
ban kuskure ba.

Labbo malamin dabbobi wake ya zo saye,
tiya biyu, ba don mu ya tsaya ba.
Ya ji zance, ya ce a miƙo gawar.
Ya ɗaga leɓe, ya duba dasashi,
ya baje gashi yana neman ƙuma, babu.
Cibiya a bushe, ba ruwa, ba wari.
Ya matsa nonon uwar, fari tas.
Ya yi shiru.
Sai ya cire hula, ya durƙusa a lungun,
goshi har ƙasa kamar mai sujada,
ya miƙe da tari, ido ya kaɗa:
"Warin tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi.
Alhaji, mi ka sanya ma waken ga?"

Talata ce ta dawo mini.
Ƙwayar kashe ƙwari, ƙulle a tsumma,
uku uku a kowane buhu,
ni na cusa, ni na ɗaure,
na ja ƙofa, na toshe taga da kwali
don kada ko guda ya tsira.
Muka kwance ƙulli ɗaya: toka ce ta rage.

"Iskarta ba ta hawa sama," in ji Labbo,
"ƙasa take bi, tana kwanciya a lungu.
Uwa na fita farauta, ta sha iska ta dawo.
Su kuwa ina za su?
Kuma wa ke zura kai nan kullum?"

Ban amsa ba. Na kalli Ige.
Gwiwata ta ƙi ɗaukata.

Muka bankaɗe ƙofa, muka yage kwali,
muka kwashe biyun cikin kwando
zuwa gindin darbejiya.
Mai farar ƙafa yana ciki.
Na warware zanen, na kama yatsan,
na ce, "Ba wannan ba ne, ɗiyata.
Ga hannun da ya yi, duba shi."
Ta duba. Ta daɗe tana dubawa.
Sannan ta nuna kwandon: "Ɗaya. Biyu."

Kwana tara idanu suka buɗe.
Waken ya tsira, ko huda ɗaya babu,
na sayar da shi da riba
wadda har yau ban ƙirga ba.

Muzurun yana nan, yana ɗingishi a katanga.
Kowace magariba nakan ajiye masa kan kifi.
Yakan tsaya, ya dube ni daga sama.
Bai taɓa saukowa ba sai na shige.