Gadon Garabet

Garba Kwara muke ce masa a Sabon Gari.
Ya yi ta cewa, "Garabet. Kuma ni Ba'armeniye ne,"
har ya gaji ya ƙyale mu.

Shekara tara ina miƙa masa ƙananan kusoshi
a shagon gyaran agogo, daura da tashar jirgi.
Ran ashirin da huɗu ga Afrilu,
ko hadari ya haɗo, ko rana na gasa kwano,
sai ya tsayar da duk agogon shago
ya kira su:
Siranush. Nazeli. Hobsef baduku.
Tagwayen da ba su kai ranar suna ba.
Araksi, wadda ta cusa shi hannun wani makiyayi
ta koma cikin layi,
layin ya shige hamada.

"Ina kabarinsu?" na taɓa tambaya.
Ya nuna maƙoshinsa.

Shi dai ya sami nasa a Wusasa.
An raba agogo, an raba kujeru.
Sunayen ne ba su da magaji.

Yanzu da furfurata
nake kiransu a bakin Kubanni bayan la'asar.
Harshena na lanƙwasa su,
Siranush ta koma Siranushi.
Allah ya sa tana waiwayowa.