Guduma da Carbi

Ranar da zan bar gida Inna ta cusa carbi a jakata,
can ƙarƙashin garin kwaki da ƙullin ƙuliƙuli.
Ta ce, "Ukasha, ka riƙe lokaci."
Na ɗauka agogo take nufi.

Shekarar farko a Gubi na riƙe shi gam.
A ta biyu ya soma sulɓewa
kamar sabulu a hannun mai wankan sauri.
Laccar ƙarfe ɗaya ta ci azahar,
ɗakin gwaji ya haɗiye la'asar har ƙashi,
na koyi haɗa salloli kamar matafiyi
alhali ko ƙofar makaranta ban fita ba.

Wata Talata Dakta Garkuwa ya ɗaga dutse a aji,
ya ce wannan ya shekara miliyan ɗari shida.
Na rubuta.
Sifiri takwas a jere,
kamar 'ya'yan carbin da na daina ja.
Da dare na kwanta ina kallon fankar da ba ta juyi:
ina Annabi Adamu a cikin lissafin nan,
ni kuma ina nake?
Ban tambayi kowa ba.
Tambayar da aka binne, gyaɗa ce,
a ƙasa take yin 'ya'ya.

Lamela ɗan Kaltungo ke gadon sama.
Laraba da yamma yana wajen koyon waƙar coci,
da asuba kuwa ƙafarsa ce ke fara saukowa
ta zunguri katifata:
"Malam, ƙararrawarka ta tashe ni, kai kana minshari.
Ko ka je ka amsa, ko ka kashe mu huta."
Sau da yawa kunyarsa ce ta kai ni famfo,
tsoron Allah ya riske ni a raka'a ta biyu.

A jarrabawar ma'adinai wata takarda ta zo
hannu zuwa hannu, a nannaɗe kamar laya.
Na buɗe.
Layi ɗaya na karanta kafin na murƙushe ta.
Layin nan yana cikin sakamakona har yau,
tsakuwa ce a shinkafa,
duk lomar da na kai sai haƙori ya tuna.

Sai aka kwashe mu zuwa duwatsun Dass.
Tun hantsi muke sara, muna aunawa, muna sa lamba.
Ruwan gora ya ƙare, rafi ya yi nisa,
inuwata ta fi ni tsawo sau biyu.
Na ce a raina, in mun koma masauki na rama.
Lamela ya ciro kamfas ɗin da muke auna kwanciyar dutse,
ya daidaita shi a tafinsa:
"Ga gabas. Ka ɗan karkata hagu."

Na ajiye guduma.
Dutsen da na sara da safe
shi na dafa da tafuka biyu,
da sauran ɗumin rana a jikinsa kamar bayan saniya.
Na shafi fuska, na shafi hannuwa.
Shekara miliyan ɗari shida yana nan zaune,
bai kosa ba, bai tambayi kowa dalili ba,
har na zo da 'yan shekaruna ashirin da ɗaya
na nemi tsarki a wurinsa.

Ban sami amsar lissafin ba.
Tana nan, ina tafe da ita
a aljihu ɗaya da carbin, suna gogar juna.

Da dare na hau kan fā ina neman sabis.
Muryar Inna na zuwa tana yankewa.
"Kana riƙe da shi?"
Na ce, "Yana suɓucewa, Inna, ina sake kamawa."
Ban san ko ta ji ƙarshen ba.
Na dai ji ta ce, "To."