Daƙiƙa Biyu

Ƙarfe uku na rana, amma Tallinn ta kunna fitilu.
Mu huɗu ne a hawa na biyar,
kofi ya huce, dusar ƙanƙara na lasar taga,
muna ta ja-in-ja kan ɗigo ɗaya shuɗi
da ke tsaye gefen saƙon da ba a karanta ba:
yaushe ya kamata ya mutu?

Priit ya ce daƙiƙa biyu.
Imel ya buɗe, agogo ya ƙirga ɗaya, biyu,
manhaja ta shafe ɗigon, a wuce wurin.
Kaarel ya ce a'a, sai yatsa ya gangara
har gindin wasiƙa, inda ake sa suna.
Siret ta tuntsire da dariya:
ita takan gangara ne ta auna tsawonta,
in doguwa ce ta cika wa rigarta iska.

Sai suka juyo. Maret, ke fa?

Ni kuwa na riga na koma Satumba,
wata safiyar Talata, saƙo tamanin da bakwai,
yatsana bisa kibiyar ƙasa yana sauka
kamar mai gudu a matakala.
Talla, takardar kuɗin wuta, taro, taro,
sai waya ta yi ƙara.
Na ɗaga, na yi magana, na aje,
na danna kibiya na ci gaba.
A wannan ɗan tsakanin
wani saƙo ya tsaya a buɗe gaban kujerata,
idona na kan rufin ɗaki.
Manhajar da na gina da hannuna
ta ƙirga biyu, ta rantse na karanta.

Sai a Disamba na same shi,
ina laluben wani rasit.
Daga babana, can tsibirin Hiiumaa,
mutumin da ke buga harafi da yatsa guda
yana cizon harshe:
Tuffa ta yi 'ya'ya har reshe na taɓa ƙasa.
Ki zo Asabar mu tsinka.
Tsani ya fi ƙarfina bana.

Layi uku. Babu ɗigo a gefensa.
Ya kwanta fari fat cikin 'yan uwansa
kamar bashin da aka biya.

Da na hau jirgin ruwa na je hutun ƙarshen shekara
bai ɗaga zancen ba.
Ya zuba mini shayi, ya ce
ai na san aiki ya yi muku yawa.
Ta taga na hango bishiyar tsirara,
ƙarƙashinta tudun ruɓaɓɓun 'ya'ya
ƙanƙara ta yi musu mayafi.
Tsanin na jingine inda ya bar shi.

Gani ba ci ba ne, Priit,
da kare bai kwana da yunwa ba.
Allo ya san abin da ya nuna,
bai san inda ido yake ba,
balle zuciya, wadda kan iso
bayan ido da wata uku.

Ban faɗa musu wannan duka ba.
Na ce kawai: a bar ɗigon
har mai saƙo ya kashe shi da hannunsa.
Priit ya ce mutane za su yi ƙorafi,
akwati zai cika da shuɗi kamar ƙyanda.
Gaskiyarsa. An kaɗa ƙuri'a, uku da ɗaya.
Daƙiƙa biyu ta ci.
Ni aka ba ni ɗan maɓalli can ƙuryar saiti,
shafi na huɗu, inda ba mai leƙawa.

Da dare a taragon gida
na nemo layukan nan uku,
na danna: mayar da shi ba a karanta ba.
Ɗigon ya dawo.
Yana nan har yau, saman akwatina,
ko da yake na haddace kowane harafi.
Satumba saura wata takwas.
Na riga na sayi tikitin jirgi.